Bindigar Sajan Illa

Shafi na 18

Masu cewa na bar Radiyya tsaye a ƙofar masallaci har kwana uku, to ga ta nan ta motsa.

*

Ana sallame Juma'a a Masallacin Huaisheng jama'a suka tuttuɗo kan titi. Radiyya na tsaye gefen mai gasa tsire, hayaƙi na shiga idonta, amma ko gusawa ba ta yi ba. Saƙon Umma take sake karantawa a waya, karo na ba adadi.

"Yau kwana huɗu Babanku bai ci komai ba sai ruwa. Ya ce soja ba ya cin abinci alhali bai san inda bindigarsa take ba."

"Likita!"

Ta ɗago. Maidaji ne ke ɗingisowa, dardumarsa a hammata. Dattijon da ke loda wa 'yan kasuwa kaya a kwantena daga ofishinsa da ke ginin Tianxiu, kuma shi kaɗai ne tsohon soja da ta sani a duk birnin Guangzhou na China.

"Ina wuni, Kawu?"

"Lafiya lau. Amma bari in maimaita miki abin da na faɗa jiya, kada mu je can ki sa mini kuka. Ni ba na loda abin da ya yi kama da bindiga. Kayan mutum goma sha huɗu ne a kwantenar nan. Kwastan suka ga abu mai dogon baki a Apapa, wallahi har takalman yara sai sun shekara a tasha."

"Ni ban ce ka loda ba, Kawu. Dubawa kawai za ka yi mini."

"In na duba kuma ta yi fiffike ta tashi zuwa Kano?"

"In mun samu ta ƙwarai, Allah zai kawo hanya."

Ya girgiza kai.

"Ku 'yan boko, ku fara ɗinka riga sannan ku je neman mai sawa. Mu je."

Suka miƙe da ƙafa zuwa kasuwar kayan wasan yara. Tafiyar ba nisa, amma Radiyya ji take kamar a kan ƙirjinta take takawa.

Shekara uku rabonta da gida. Shekara uku tana karatun likita a nan, tana tara kuɗin tikiti kaɗan kaɗan a cikin wani ambulan. A cikin shekarun nan ne hankalin mahaifinta, Sajan Illa, ya fara gushewa. Kullum da asuba sai ya saka tsohon kakinsa, ya fito tsakar gidansu da ke Birget ya ƙame, sannan ya shiga birkice ɗakuna yana neman bindigar da ta ɓace masa a yaƙin Laberiya shekara goma sha biyar da suka wuce. Bindigar da aka kore shi daga aiki a kanta.

Yayanta Abdulgafar ya sayo ta roba a Sabon Gari. Baba ya ɗaga ta da yatsa biyu, ya miƙa wa 'ya'yan maƙwabta.

Aka sa kafinta ya sassaƙa ta katako. Ya shinshina ya ce wa Umma, "Hasiya, ga itacen girki."

Abin da ya fi ci mata rai, in ta kira waya aka kara masa a kunne, ba ya gane muryarta. Ya ɗauka ofishin sadarwar sojoji ne.

"Sigina, ku haɗa ni da kwamanda," haka yake ce mata.

Wata goma sha ɗaya rabon da ta ji sunanta a bakinsa.

*

Shagon yana hawa na uku, can ƙuryar bayan masu sayar da 'yartsana. Mai shagon, wanda kowa ke kira lawban, kayan shirin fim yake ƙerawa: takubba, hulunan kwano, bindigogin da ba sa harbi. Yana ganinsu ya fara kaɗa hannu.

"Meyo, meyo!"

"Ka ji shi ko," in ji Maidaji. "Ba mu tambaya ba har ya ce babu."

Radiyya ta yi masa magana da Sinanci, a nutse, ta faɗi sunan ɗalibin da ya turo ta. Lawban ya dube ta sama da ƙasa, ya leƙa waje, sannan ya ja ƙofa ya shige ciki. Ya dawo da dogayen kwalaye uku.

Ya buɗe na farko. Baƙa wuluk, sai sheƙi.

"Kwai casa'in, a kuɗinsu na nan," Radiyya ta fassara.

Maidaji ko hannu bai kai ba.

"Ce masa ya ajiye wa jikansa. Wannan ko ɓarawon kaza ba za ta tsorata ba."

Na biyu ƙarfe ce da katako, gidan harsashinta a lanƙwashe. Radiyya ta ji zuciyarta ta ɗan yi sanyi.

"Wannan fa, Kawu? Ta yi kama da ta gaske."

"Ta yi. Wace shekara mahaifin naki ya je fagen daga?"

"Laberiya. Casa'in da biyu."

Ya ɗan tsaya.

"Ikon Allah. Ni ma na sha ruwan saman ƙasar nan. To ki mayar da wannan. A wajen da muka zauna, 'yan tawaye ne ke yawo da irinta. Ki kai masa ita, kin zage shi ke nan. Mu FN aka ba mu, doguwa, mai nauyin tsiya."

Lawban ya ji sunan, ya yi murmushi, ya buɗe kwali na uku. Ya nuna musu bakinta a toshe yake da ƙarfe tun daga farko har ƙarshe, ko allura ba za ta wuce ba.

Maidaji ya ajiye darduma. Ya goge tafukansa a jikin riga. Ya rufe ido, sannan ya miƙa hannu.

Radiyya ta ga abin mamaki. Bindigar na sauka a hannunsa kafaɗunsa suka miƙe, ƙafar da yake ja ta tsaya cak. Ya ɗaga ta, ya sauke, ya manna ta a kafaɗa, ya juya ta, duk ido a rufe.

"Lawban nawa ya ce?"

"Dubu biyu da ɗari shida."

"Hmm." Ya sake jinjina ta. "Ce masa ta gaza da rabin kilo. Kuma nauyin da ke akwai ɗin ma a baya ya taru. Ta ƙwarai gabanta ke rinjayar hannu, shi ya sa duk wanda ya yi sintiri da ita yake kwana da ciwon hagu."

Ta fassara. Murmushin lawban ya ragu.

Maidaji ya ja maɗanarta baya ya saki. Ƙas!

Ya yamutsa fuska.

"Kin ji? Kamar an taka gwangwanin madara. Ta gaske in ta koma mazauninta, a ciki kake jin ƙarar, ba a kunne ba." Ya kai hanci jikin katakon. "Fenti. Warin kujerar amarya take yi. A kankare wannan sheƙin, a shafe ta da baƙin mai, a bar ta ta kwana biyu a rana. Wannan igiyar ratayawar kuma ta jakar makaranta ce. A nemo ta tamfol, ruwan ƙasa."

Lawban ya yi ta zuba, yana buga ƙirji.

"Me yake cewa?"

"Wai manyan 'yan fim ne ke saye a wurinsa, ba wanda ya taɓa kushewa."

"'Yan fim daga nesa ake kallonsu. Wannan tsohon soja ne zai rungume ta ya kwana da ita. Miƙo na'urar nan."

Ya danna ɗari tara a na'urar lissafi ya juya masa. Lawban ya dafe kai kamar an yi masa mutuwa, ya danna dubu biyu da ɗari biyu. Maidaji ya ɗauki dardumarsa ya nufi ƙofa.

"Kawu, don Allah..."

"Yi shiru ki biyo ni. Kada ki waiwaya."

Taku uku suka yi.

"Fanyo! Fanyo!"

"Kin ji, yanzu na zama abokinsa."

A dubu ɗaya da ɗari huɗu aka tsaya, har da ƙarin nauyi, da gyaran ƙara, da sabuwar igiya. Radiyya ta shafa ambulan ɗin da ke jakarta. In ta cire wannan a kuɗin tikiti, ba ita ba zuwa gida a hutun bana.

"Na yarda."

"Dakata," in ji Maidaji. "Saura babban. Lamba."

"Wace lamba?"

Ya juya gindin bindigar ya nuna mata katakon, fes, ba ko ɗigo.

"Kowace bindiga a bataliya akwai lambar da ake rubuta mata da farin fenti a nan. Kafin soja ya kalli bakinta, nan yake fara kallo. A kan wannan aka fara marinmu a Zariya muna kurata. Waɗanda kuka kai masa a gida, akwai lamba a jikinsu?"

"Babu."

"To ba roba ya ƙi ba, ba katako ya ƙi ba. Bai ga lambarsa ba ne. Ko da zinare lawban ya ƙera wannan, in lambar ba tasa ba ce ba zai taɓa ta ba. Mece ce lambar?"

Radiyya ta girgiza kai.

"Ban sani ba."

"Mahaifiyarki fa?"

"Takardunsa duk ya ƙona su ranar da aka sallame shi."

"Shi ɗin a tambaye shi mana."

"In aka tambaye shi komai a kan bindigar, kuka yake yi, Kawu. Mutumin da ban taɓa ganin haƙoransa a waje ba sai da dariya."

Ta buɗe jaka, ta zaro wani tsohon hoto da gefensa ya cinye.

"Wannan kaɗai gare ni. Ranar da za su tafi ne. Ko za ka iya hango ta?"

Soja ne dogo, baƙi, tsaye a gaban motar bariki, bindiga a gefensa. Wata yarinya 'yar shekara takwas ta rungume ƙafarsa, jikinta ya rufe gindin bindigar ruf.

Maidaji ya karɓa. Ya matso da shi kusa da ido. Ya nisanta shi.

Sai ya lalubi kwali ya zauna a kai.

"Kawu, lafiya?"

Ya sake duban hoton.

"Ya sunan mahaifinki?"

"Iliyasu. Amma Sajan Illa kowa ke ce masa."

Lawban ya riga ya ɗauko ɗan burushi da gwangwanin farin fenti. Ya tsaya yana kallonsu, yana tambayar lambar.

Maidaji bai ɗago ba.

"Sifili. Huɗu. Ɗaya. Bakwai."

Radiyya ta sake duba hoton.

"A ina ka gani? Ni ban..."

"Ce masa kuma ya tsaga katakon ta hagu, tsawon yatsa. Ya ɗaure da wayar tagulla, zagaye uku."

"Kawu, gefen hagu ba ya cikin hoton nan."

"Na sani."

"To ta yaya ka..."

"Wata goma sha huɗu na yi ina rataye da ita."

Radiyya ta ƙura masa ido.

"Ban gane ba."

"Kin gane, Likita. Ke mai ilimi ce."

Ta ja baya har bayanta ya bugi kantar shagon.

"Faɗi. Ina so in ji da kunnena."

Ya ajiye hoton a gwiwarsa, ya kafa masa ido, kamar da mutumin ciki yake magana.

"Ni kofur ne a ƙarƙashinsa. Muna ƙetare wani kogi a bayan Monrobiya, kwalekwale ya kife da mu. Na fito da raina, bindigata ta tafi ƙasan ruwa. Kin san abin da ake yi wa sojan da ya yar da bindiga a fagen daga? Gadurum, sannan kora, ba fansho, ba ko sisi. Lokacin watana biyar da aure. Ga tsohuwata makauniya a Yalwa, ni kaɗai gare ta."

"Sai ka yi me?"

"Sajan yana kwance a tanti, zazzaɓi ya kayar da shi, ko sunansa bai sani ba. Tasa na jingine a kansa. Na ɗauka. Na kankare lambarsa da reza, na rubuta tawa. A hargitsin nan ba mai duba lambar jikin ƙarfe, ta fenti kawai ake kallo."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

"Da ya warke aka yi fareti. Ya bi layi yana duba mu ɗaya bayan ɗaya. Ya zo kaina. Ya kalli tsagar nan da wayar da ya ɗaura da hannunsa. Ya kalle ni."

"Sai ya ce me?"

"Ya ce, 'Kofur, gyara hularka.' Ya wuce."

Hawaye suka ɓalle wa Radiyya.

"Da aka tsayar da shi gaban manya, ina bakin ƙofa ina gadi. Da bindigarsa nake gadin. Suka ce ina makaminka? Ya ce, 'Ni na yar.' Sau uku ana tambayarsa."

"Kai kuma kana tsaye."

"Ina tsaye."

"Da bakinka."

"Da bakina."

Ta share fuska da gefen mayafi, muryarta ta canza.

"Malam, ka san abin da ya zama bayan nan?"

Ya runtse ido. Tun da ta san shi Kawu take ce masa.

"Gadi ya yi a ƙofar masaƙa a Bompai. Shekara goma sha ɗaya. Sajan guda, yana buɗe wa yaran da ya isa ya haifa ƙofa suna miƙo masa naira ashirin ta taga. Umma ta sayar da kekenta na ɗinki ranar da zan rubuta jarrabawa. Duk ranar da aka yi faretin tsofaffin sojoji a talabijin, tashi yake ya shiga banɗaki ya daɗe. Mu muna zaton cikinsa ne."

"Ban ci ribar abin ba, 'yata. Amaryar ta rasu wajen haihuwa. Tsohuwa ta bi ta. Na ajiye aikin da kaina. Shekara tara ina garin nan, ban taɓa sayen tikitin Kano ba, don kada in haɗu da shi a hanya."

"Kada ka ce mini 'yarka."

Ya gyaɗa kai. Ya sa hannu a aljihun ƙirji ya ciro walat, ya zaro wata 'yar takarda da aka naɗe kamar laya. Ya warware ta a hankali.

Jan zare ne na kitso, ya koɗe har ya koma ruwan ƙasa, da ɗan dutsen ado guda ɗaya a jiki.

"Wannan a ɗaure yake a igiyarta. Ranar da na mayar da bindigar sito na kwance shi. Na kasa yarwa."

Radiyya ta kai hannu kanta ba ta sani ba.

Zarenta ne. Daga kitsonta ta kwance shi, a bakin motar nan ta cikin hoto.

Ta zaro waya da katin kira na ƙasar waje. Duk satin nan da shi take kira, ta san ya kusa ƙarewa. Ta danna lambobin. Muryar na'ura ta ce saura minti huɗu.

"Me za ki yi?"

"Da bakinka za ka gaya masa."

"Ba zai gane ni ba."

"Ni ma ba ya gane ni. Kullum kuma sai na kira."

A Kano hantsi bai gama ɗagawa ba. Umma ta ɗauka a bugu na biyu.

"Radiyya? Yana nan tsakar gida tun asuba, ya ƙi zama. Jiri na ɗibarsa. Na dama kunu har ya huce."

"Umma, kara masa a kunne. Yi sauri, katin zai ƙare."

Ta danna lasifika ta miƙa wa Maidaji.

Aka ji numfashi, mai nauyi, a hankali. Sannan muryar da ta fi kowace murya a duniya a wurinta, ta dushe, ta tsufa.

"Sigina, ku haɗa ni da kwamanda."

Maidaji ya miƙe. Ya haɗe dugadugansa. Lawban ya ja baya da gwangwanin fentinsa.

"Kofur Maidaji ne, yallaɓai."

"Maidaji." Muryar ta ɗan yi ƙarfi. "Ka makara fareti."

"Na makara, yallaɓai. Shekara goma sha biyar. Sifili huɗu ɗaya bakwai. Ni na ɗauke ta. Ni na kankare lambar. Ka yafe..."

"Na sani. Ai na ga wayar da na ɗaura."

"Yallaɓai..."

"Riƙe ta, Kofur. Kai ke da amarya. Ni 'ya'yana sun fara tasawa."

Maidaji ya toshe bakinsa da hannu.

"Amma akwai abu a igiyar," in ji Sajan Illa. "Ja ne. Ka gan shi?"

Maidaji ya kalli tafinsa.

"Yana hannuna yanzu haka."

Wata irin ajiyar zuciya ta fito daga wayar, doguwa, kamar an sauke buhu.

"Alhamdu lillahi. Shi nake nema. Na duba ƙarƙashin gado, na duba akwatin Hasiya, na duba rumbu. Sai su riƙa kawo mini itace. Ba nawa ba ne, Kofur. Aro aka ba ni."



"Mai shi ta yi fushi," muryar ta ci gaba, ƙasa ƙasa, kamar mai faɗin asiri. "Ta daina zuwa gida. Kullum ina leƙa ƙofa. Na san dalili. Na dawo mata hannu biyu ne."

Radiyya ta fizge wayar.

"Baba! Baba, ba fushi nake ba! Wallahi ba fushi nake ba, karatu nake!"

"Sigina, sauka daga layi, ina magana da kofur."

"Ni ce, Baba. Radiyya ce."

"Radiyya ajinta uku."

"Na girma, Baba. Ni ce."

Na'ura ta yi ƙara. Saura daƙiƙa talatin.



"In ke ce," ya ce a hankali, "me kika ce mini a bakin mota?"

Ta rufe ido. Ga ƙurar bariki, ga warin man mota, ga ƙafarsa da ta rungume, ga hannunsa a kanta. Kalmomin suka zo da kansu, da muryar da ba ta san tana da sauranta ba.

"Na ce aro na ba ka, Baba. Ka dawo mini da abina, kai ma ka dawo."

Ta jira.

Ba numfashi. Ba komai.

Ta duba fuskar wayar. Layin ya yanke. Ba ta san a wace kalma ya yanke ba.

"Ya ji?" Ta juya ga Maidaji. "Kawu, ya ji ni?"

Dattijon ya kamo hannunta ta saman mayafi, ya ɗora mata zaren a tafi, ya naɗe yatsunta a kai.

Lawban ya yi gyaran murya. Ya ɗaga bindigar da hannu ɗaya, burushi a ɗayan, yana tambaya a rubuta lambar ko a bari.

Radiyya ta kalli bindigar. Dubu ɗaya da ɗari huɗu, da nauyinta, da ƙararta, da igiyarta. Ta kalli abin da ke tafinta, wanda ko iska za ta iya ɗauka.

Ta ce wa lawban ya yi haƙuri, ta fasa.

Ya fara masifa yana nuna agogo. Maidaji ya tare shi da hannu ɗaya ba tare da ya kalle shi ba.

"Nawa ya rage miki a tikitin?"

"Ba na son kuɗinka."

"Ban ce na ba ki ba. Kujera biyu zan saya. In kin ga dama ki zauna nesa da ni."

Kafin ta buɗe baki wayar ta yi ƙara a hannunta.

Lambar Umma.

Umma ba ta kira. Kiran China ya fi ƙarfin katinta. Filashin take yi, bugu ɗaya ta kashe, Radiyya ta nemi kati ta biyo. Shekara uku haka suke yi. Sau ɗaya tak ta taɓa barin wayar ta yi ta ƙara, ranar da kakarsu ta rasu.

Radiyya ta tsaya tana jiran ya katse.

Bugu na biyu.

Na uku.

"Ɗauka," in ji Maidaji.

"Ba zan iya ba."

Na huɗu.

Ta damƙe zaren, ta danna, ta kai kunne.

Can nesa ta ji kukan Umma, da ƙarar cokali a jikin kwano. Sannan numfashin nan mai nauyi ya matso.

"Sigina?"

"Na'am, Baba."

"Ku haɗa ni da 'yata."